In Bindiga Ta Tashi A Ƙauye, Maganar Wa Za A Kama?

Tun daga watannin ƙarshe na shekarar 2025, lokacin da 'yan bindiga suka fara tsallako iyakar Jihar Katsina suna faɗa wa ƙauyukan ƙananan hukumomin Shanono da Tsanyawa, barcin mutanen karkarar arewacin Jihar Kano ya ragu ƙwarai. An kore shanu, an sace mata, an kashe bayin Allah waɗanda ba su san hawa ba balle sauka, har ta kai ga an girke sojoji a yankin, waɗansu magidanta kuma suka kwashe iyalinsu suka bar gidajen da aka yanke musu cibiya a ciki. Wannan masifa gaskiya ce, duk wanda ya nemi ya rage mata nauyi kuwa ya zalunci waɗanda ta faɗa wa.

To, amma akwai wata illa ta biyu da irin wannan masifa kan jawo, wadda ba a cika maganarta ba. Kalmar nan «'yan bindiga ne» takan zama amsar da ke rufe kowace tambaya. A da, in aka ji ƙarar bindiga a ƙauye da tsakar dare, gari na wayewa mai unguwa da dattawa sukan so su san bindigar wa ce, wa ya ɗura ta, me kuma ya haɗa mai harbi da wanda aka harba. A lokacin tsoro kuwa, da zarar mutanen gida sun ce waɗansu ne suka zo a kan babura suka yi harbi suka gudu, shi ke nan, sai a yi salati, a yi jana'iza, a shimfiɗa tabarmin zaman makoki. Maƙwabcin da ya ga wani abin da bai yi daidai da labarin ba sai ya haɗiye maganarsa, don kada a ce ba shi da tausayi, ko ma a ce yana kare 'yan ta'adda.

Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne, labarin da iyalin mamaci suka bayar shaida ce ta farko, wadda ta cancanci a saurare ta da natsuwa da girmamawa, amma ba ta kai matsayin hukunci ba. Tilas ne a gwada ta da abin da ido ya gani a wurin da abin ya faru, kuma masu gwajin su zama waɗanda doka ta ɗora wa wannan nauyi, kada a bar shi a hannun 'yan zaman majalisar gindin bishiya.

Ƙasar Da Kowa Ya San Kowa

Ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, daga Ungogo da Minjibir da Gezawa har zuwa Dawakin Tofa da Bichi da Dambatta, tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a duk Afirka ta Yamma. Masanin nan Michael Mortimore ya fara nazarinta tun cikin shekarun 1960, ita ma Polly Hill ta wallafa littafi a 1977 a kan zaman karkarar Kano, dukansu kuwa sun nuna yadda gona ba ta hutawa a wannan yanki, ana noma ta kowace damina da ƙarfin taki, gidaje kuma suna warwatse cikin gonaki, wannan yana hangen wancan. Daga wancan zamani zuwa yau jama'a sun ninka, har ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum sama da miliyan 9, bayan an cire mata Jigawa tun 1991. Ƙasar noma kuwa ba ta ƙaru da ko taƙi ɗaya ba.

Wannan cunkoso yana da ma'ana biyu dangane da maganar harbi. Ta farko, da wuya a yi harbi a irin wannan wuri ba a sami kunnuwan da suka ji ba. Akwai mai gadin rumbu, akwai tsohuwar da barci ya ƙaurace wa, akwai ladan da ya fito tun kafin assalatu, ga karnuka da ba su barin baƙo ya wuce shiru, ga kuma rairayin hanya wanda ke riƙe sawun babur da na takalmi har hantsi. Babura biyar ko goma ba sa ratsa irin wannan ƙasa su fita ba wanda ya ji gurnaninsu. Saboda haka labarin da aka bayar a nan yana da sauƙin gwadawa fiye da na tsakiyar daji, in dai an tashi gwadawar da wuri.

Ma'ana ta biyu ita ce, inda ƙasa ta yi ƙaranci, husuma takan yi yawa, mafi yawanta kuwa tsakanin dangi take. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki ashirin ke kallonta. Akwai gadon da aka ƙi rabawa shekara da shekaru, akwai gonar jingina da aka mai da ta saye, akwai iyakar da kan matsa kunya ɗaya kowace damina, akwai burtalin da aka nome. Alƙalan kotunan Shari'a na karkara sun fi kowa sanin yawan ƙararrakin gado da na gona da ke zuwa gabansu. Mai neman gaskiya ba zai manta da wannan ba in aka ce an harbe magidanci a ƙofar gidansa.

Darasin Gezawa

Ran 15 ga watan Mayu, 2024, ana cikin sallar Asuba a wani masallaci a Larabar Abasawa ta Ƙaramar Hukumar Gezawa, sai wuta ta kama masallata. Kafin rana ta ɗaga labari ya bazu ko'ina cewa bam ne ya tashi, ba abin mamaki ba ne kuwa in zukata suka koma kan harin da aka kai babban Masallacin Juma'a na birnin Kano a watan Nuwamba na 2014. Amma binciken 'yan sanda ya nuna fetur aka watsa aka cinna wuta, wanda ya yi aikin kuma ɗan garin ne, ya kuma ce rikicin rabon gado tsakaninsa da danginsa ne ya kai shi. Mutum sama da 20 suka rasu sanadin wannan ƙuna, a watan Mayu na 2025 kuma wata Babbar Kotun Shari'ar Musulunci a Kano ta yanke masa hukuncin kisa.

A wannan al'amari dangin waɗanda suka rasu ba su ɓoye kome ba, kuma ba da bindiga aka yi ɓarnar ba. Duk da haka darasin ya shafi maganar da ake yi ta fuska biyu. Labarin farko da ya fita kuskure ne, kuma hannun da ya yi ta'asar daga cikin gida ya fito. Da a ce mai laifin ya sulale cikin duhu ba wanda ya shaida shi, da wataƙila har yau ana lissafa abin cikin hare-haren 'yan ta'adda, da kuma an kama baƙin da ba su ji ba ba su gani ba. Abin da ya hana haka shi ne an yi bincike a ranar, kafin labarin farko ya daskare ya zama abin da kowa ya sani.

Me Ke Sa Labari Ya Karkace

Ba adalci ba ne a ɗauka duk labarin da ya saɓa wa gaskiya ƙarya ce aka shirya. Mutumin da ƙarar bindiga ta tashe shi daga barci cikin duhu, yara na kururuwa, ɗan'uwansa na kwance cikin jini, ba ya ganin abin da ya faru sosai. Inuwa ɗaya takan zama mutum uku a idonsa. Da gari ya waye, abin da ya gani da abin da ya ji a rediyo da abin da maƙwabta suka ce sai su cakuɗe, ya riƙa ba da labarin da zuciya ɗaya alhali rabinsa zato ne. Irin wannan mutum taimako yake bukata, watau a yi masa tambaya a hankali tun abin yana sabo a ransa.

Akwai kuma inda ake karkatar da labari da gangan, dalilan kuwa ba ɓoyayyu ba ne. Tsoron 'yan bindiga yakan sa magidanta su nemi bindigar toka su ɗura ta su ajiye a bayan ƙyaure. Irin wannan bindiga ta maƙera takan tashi da kanta in ta faɗi, yaro kan ɗauka da wasa, mai tsaron dare kan ga motsi a bakin danga ya saki wuta, sai daga baya ya tarar ƙanensa ne ya fito kewayawa. Dokar Bindigogi ta 1959 ta hana riƙe bindigar yaƙi ko ta harbin tsuntsu ba da lasisi ba, ta kuma sa al'amarin bindigogin gargajiya a hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na Jiha. Iyalin da irin wannan tsautsayi ya faɗa wa sukan ga cewa in suka faɗi gaskiya za su yi hasara biyu, ɗaya a kabari ɗaya a kurkuku. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, sai a haɗa baki a ce 'yan bindiga ne.

Wani lokaci kuwa abin ya wuce tsautsayi. Faɗa ne ya kaure tsakanin wa da ƙane, ko tsakanin 'yan uba, aka ɗauko abin da ke bayan ƙyaure. Dattawan gida sai su zaɓi rufin asiri, su bar mai jini a hannu yana cin tuwo da marayun wanda ya kashe. Akwai ma mafi muni, inda iyali ba su san wanda ya yi harbin ba, amma suna da wani da suka daɗe suna jin haushinsa, sai su ambaci sunansa.

Wanda Zargi Ke Faɗa Wa

Mai cewa a ƙyale iyali su rufa wa kansu asiri ya manta cewa zargin kisa ba ya tsayawa a iska, sai ya sami kan da zai sauka. A karkarar Kano kan da ya fi kusa shi ne na Bafulatanin rugar bayan gari, wanda wataƙila kakansa ma a nan aka haife shi, ko na ɗan ci-rani da ke kwana a zaure, ko na saurayin da aka taɓa kamawa da satar akuya. Da an ce an bi sawu ya nufi wajen ruga, kafin azahar sai a ga hayaƙi. Wanda aka ƙona wa bukka ba da haƙƙi ba kuwa, in bai sami mai share masa hawaye ba, 'yan bindigar gaske su ne za su yi masa tayin ramuwa.

Ta wannan hanya wutar Zamfara ta ruru. Satar shanu da fashi suka jawo 'yan sa-kai, 'yan sa-kai suka riƙa kashe wanda ake zargi a tsakiyar kasuwa ba tare da shari'a ba, dangin waɗanda aka kashe suka shiga daji suka ɗauki makami. Kwamitin da Gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 a ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'Yan Sanda, Muhammad Abubakar, ya lissafa mutum sama da 6,000 da aka kashe cikin shekara takwas. Kanawa kuma ba su manta da abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo ba a ƙarshen watan Maris na 2025, inda aka tare mafarauta masu dawowa gida hutun Salla, aka ga bindigogin farauta a tare da su, wani ya ce masu satar mutane ne, nan take aka kashe mutum 16, da yawansu 'yan Ƙaramar Hukumar Bunkure. Wanda ya yi kukan Uromi bai kamata ya yarda a yi wa wani irin wannan gaggawa a ƙauyensa ba.

Wannan cuta ba ta tsaya ga ƙasashen da hukuma ke da rauni ba. A watan Oktoba na 1989, a birnin Boston na Amurka, wani mutum mai suna Charles Stuart ya kira 'yan sanda ya ce wani baƙar fata ya faɗa cikin motarsu ya harbe matarsa mai ciki, shi ma ya ji masa rauni. Gari ya ɗauka, 'yan sanda suka mamaye unguwar baƙar fata suna tare samari suna caje su a titi, har aka tsare wani ana shirin ɗora masa kisan. A farkon Janairu na 1990 ƙanen Stuart ya je ya faɗa wa hukuma cewa wansa ne ya shirya abin, washegari shi kuma ya faɗa kogi ya mutu. Sai a 2023 Magajiyar Garin Boston ta fito ta roƙi gafarar waɗanda aka zalunta. An yarda da labarinsa ne don ya dace da abin da mutane suka riga suka ji tsoro.

Abin Da Shari'a Ta Tanada

Waɗansu sukan ɗauka tuhumar maganar iyalin mamaci baƙuwar ɗabi'a ce da aka koyo daga Turawa. Wanda ya karanta Suratu Yusuf ya san ba haka ba ne. 'Yan'uwan Annabi Yusufu, Alaihis Salam, sun zo wa mahaifinsu da dare suna kuka, bakinsu ɗaya, da riga mai jini a hannu, suka ce kerkeci ne ya cinye shi. Annabi Yakubu bai karɓa ba, malaman tafsiri kuma sun ambata cewa ya lura rigar ba ta yage ba. Can gaba a cikin surar, riga ce kuma ta wanke Yusufu daga ƙazafi, da aka duba aka ga ta baya ta tsage. Watau tun a nan an koyar da cewa kuka da haɗin baki ba su isa hujja ba, kuma abin da ba ya magana yakan ba da shaida.

Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan Shari'a na Jihar Kano ke aiki da shi, ya bi wannan hanya. Ba a karɓar shaidar uba don amfanin ɗansa, ko ta ɗa don amfanin ubansa, ko ta miji da mata ga junansu, haka nan ba a karɓar shaidar maƙiyi a kan maƙiyinsa. Shari'a ba ta ce waɗannan mutane maƙaryata ne ba, ta dai san yadda zuciya ke karkata. Kisan kai yana tabbata ne da iƙirarin mai laifi, ko da shaidu biyu adalai, ko da ƙasama, watau rantsuwa 50 da dangin mamaci maza za su yi, ita ma ba a ba su damarta sai akwai wata alama mai ƙarfi, kamar shaidar adali ɗaya ko furucin wanda aka raunata kafin ya cika. Littafin Risala, wanda almajirai ke karantawa a zaurukan Kano, ya bayyana cewa tsintar gawa a unguwar wasu mutane ba ta isa a yi ƙasama a kansu ba, dalilin da malamai suka bayar kuwa shi ne mai kisa yana iya jefar da gawa a ƙofar wani don ya shafa masa. In gawa kanta ba ta isa hujja ba, ina ga sawun da aka ce ya nufi ruga?

Asalin ƙasama ma yana da abin koyi. Da aka tsinci gawar Abdullahi ɗan Sahlu a Haibara, danginsa suka tuhumi Yahudawan wurin, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya nemi su rantse. Suka ƙi, suka ce ba za su rantse a kan abin da ba su gani ba. Bai hukunta mutanen Haibara bisa zato ba, sai ya biya diyyar raƙuma 100 daga wajensa don kada jinin ya tafi a banza. Dangin da ke cikin zafin rashi suka iya bambanta abin da suka gani da abin da suke zato, shugaba kuma ya ɗauki nauyin share musu hawaye. Dokar Final Kod da ta fara aiki a Arewa a 1960 ita ma ta mai da ba hukuma labarin ƙarya da ɓoye alamun laifi don kare mai laifi su zama laifuffuka masu hukunci.

Shakka Ma Tana Zalunci

Duk da haka akwai hujja mai nauyi a ɗaya ɓangaren, ba kuwa daidai ba ne a tsallake ta. Mafi yawan iyalan da suka ce 'yan bindiga sun shigo musu gaskiya suka faɗa. Babu abin da ya kai ciwo kamar a kashe wa mace miji a gabanta, sa'an nan ta ji ana raɗa a wurin makoki cewa da walakin. Tsegumi irin wannan yakan hana 'ya'yan gidan aure, ya raba zumunci, ya bi zuriya har jikoki, ba tare da an taɓa kai kowa gaban alƙali ba.

A ƙasar Ostareliya, a 1980, wata mata mai suna Lindy Chamberlain ta ce karen daji ya ɗauke jaririyarta daga tanti. Jama'a suka ƙi yarda, jaridu suka yi mata ca, kotu ta ɗaure ta rai da rai a 1982. A 1986 aka tsinci 'yar rigar jaririyar a dajin, aka sake ta, a 1988 aka soke hukuncin, sai a 2012 hukuma ta tabbatar a rubuce cewa karen dajin ne ya yi ɓarnar. 'Yan'uwan Yusufu sun ce dabba ce suna ƙarya, wannan baiwar Allah ta ce dabba ce tana gaskiya, a duka biyun kuwa duba riga ne ya raba gardama.

Haka nan kuma kada a manta ita ma hukuma tana da nata dalilin karkata labari. Jami'in da aka ce yankinsa ba tsaro yana iya son a ce faɗan gida ne don takardarsa ta yi kyau. A watan Yuni na 2005 'yan sanda suka harbe matasa 6 a Abuja, mafi yawansu 'yan kasuwar Apo, suka ce 'yan fashi ne. Iyalansu ne suka tsaya kai da fata, kwamitin bincike ya ƙaryata 'yan sandan, a 2017 kotu ta yanke wa biyu daga cikinsu hukuncin kisa. Saboda haka ma'aunin da za a auna maganar iyali da shi, da shi za a auna maganar mai kaki. Shakkar da ake kira gare ta ita ce wadda ke sa a tashi a je a duba, mai ita kuma ya kai ta ga mai unguwa ko ofishin 'yan sanda, ya kame bakinsa a kasuwa da shafukan Facebook.

Sa'a Guda Kafin Jana'iza

Abin da ake bukata a duba ba ya bukatar manyan na'urori. Bindigar da 'yan ta'adda suka fi riƙewa, watau AK-47, tana tofar da kwanson harsashi duk harbi ɗaya, kwansunan kuma sukan zube a inda mai harbi ya tsaya, harsashinta yakan ratsa jiki ya bar tabo a bango. Bindigar toka ta baki ake ɗura ta da albarushi da guntayen ƙarfe ko dalma, ba ta barin kwanso, rauninta a warwatse yake, in daga kusa aka harba kuma takan bar ƙuna da baƙi a jikin riga. Ƙofa takan nuna ko daga waje aka ɓalle ta ko daga ciki aka buɗe. Maƙwabta sukan iya faɗin harbi nawa suka ji da lokacin da suka ji shi, wayar hannu kuma tana riƙe da lokacin da aka fara kiran neman taimako. Sa'an nan a tambaya me aka ɗauka, gama masu tahowa daga nesa da dare galibi dabba ko kuɗi ko mutum suke nema. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da zai yanke hukunci shi kaɗai, amma in aka haɗa su sukan gaskata iyali ko su nuna inda labarin ya gurgunce.

Matsalar ita ce duk waɗannan alamu ba sa kai azahar. Masu zuwa jaje sun tattake sawu, yara sun tsince kwanso, an wanke jini, an wanke gawa an kai ta makwancinta. Gaggauta jana'iza Sunna ce, ba mai neman a bar ta, kuma an san yadda jama'a ke ƙyamar a kai mamacinsu asibitin birni a tsaga. Amma tsakanin barin gawa kwana uku a Asibitin Murtala da binne ta ba wanda ya duba akwai hanya madaidaiciya. Cikin sa'a guda mai unguwa yana iya hana a taka wurin, a ɗauki hoto da waya, ma'aikacin lafiya na asibitin ƙauye ya duba raunin ya rubuta abin da ya gani, a ajiye rigar mamaci ba a wanke ba, a rubuta sunayen waɗanda suka fara isowa da na masu wankan gawa. Wannan ba ya jinkirta salla, ga iyalin da suka faɗi gaskiya kuwa shi ne garkuwarsu daga bakin mutane.

In wanda aka harba bai mutu ba, ya kamata kowa ya sani cewa tun 2017 akwai dokar Tarayya da ta wajabta wa kowane asibiti ya karɓi mai raunin bindiga ya yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba, asibitin ne kuma zai sanar da su cikin sa'a biyu. Ɓoye mai rauni a ɗaka ana yi masa maganin gida don gudun tambaya yakan mai da tsautsayi ya zama gawa.

Aikin Da Ke Gaban Hukuma

Mutane ba za su daina ɓoye gaskiya ba muddin suna ganin faɗinta ya fi ɓoye ta tsada. Talakan ƙauye yana gudun ofishin 'yan sanda ne don ya ga yadda akan kwashe mazan gida gaba ɗaya, a sayar da akuya da buhun gero kafin a sako su. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wanda ake nema, beli kuma kyauta ne a doka. Wajibi ne Kwamishinan 'Yan Sanda ya tabbatar ana bin wannan a ofisoshin karkara, a kuma bayyana wa jama'a cewa doka ta bambanta kisan ganganci da na kuskure da na kare kai, hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Ya kamata Ma'aikatar Ƙananan Hukumomi da masarautu su ba hakimai da dagatai da masu unguwanni umarni a rubuce game da abin da za su yi in an yi harbi a ƙasarsu, su kuma riƙa ajiye sunayen masu bindigar gargajiya da na 'yan sintiri, don a san abin da ke cikin gari kafin ya tashi. Ma'aikatar Lafiya ta koya wa ma'aikatanta na karkara yadda ake rubuta bayanin rauni. Hukumar Shari'a ta sa ido a kan ƙararrakin gado da ke daɗewa ba a yanke ba, gama Gezawa ta nuna inda rikicin gado kan kai. Limamai kuma su riƙa tuna wa jama'a a huɗuba cewa ɓoye shaida zunubi ne, ɗora wa wani jinin da bai zubar ba kuwa ya fi shi girma.

Ma'aikatan Gwamnati da ɗalibai, waɗanda mafi yawansu daga waɗannan ƙauyuka suka fito, su ne ake fara kira in abu ya faru a gida, su ne kuma ke fara sa labari a waya ya kewaye duniya kafin a yi wa mamaci wanka. Kamata ya yi mai ilmi ya tambayi wanda ya kira shi abin da ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa, ya kuma shawarci dattawan gidansu su bari a duba, ko da abin da za a gani zai yi ɗaci. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya kuma dawo da zaman lafiya a karkarar Kano da Arewa baki ɗaya.